Buga takarda a mujallar kyauta ba ya kwace maka haƙƙin mallaka

Malamai da 'yan masta da PhD na KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) da Kadpoly (Kaduna Polytechnic), don Allah mu gyara wannan maganar da ta daɗe tana yawo, wai in ka buga bincikenka a mujallar da kowa ke karantawa kyauta a intanet shikenan ka yi sadaka da shi, kowa zai kwashe ya sa sunansa. Ba haka bane.

Yawancin irin waɗannan mujallun da lasisin Creative Commons suke aiki, wato ƙa'idojin da ke faɗin yadda wasu za su iya amfani da aikinka, musamman nau'in da ake kira CC BY, kuma a ƙarƙashinsa galibi haƙƙin mallaka na hannunka, izini kawai ka bayar a karanta, a raba, a fassara, amma dole a ambaci sunanka, wanda bai ambata ba ya karya sharaɗin lasisin.

Inda mutane ke asarar haƙƙinsu shi ne mujallun da sai an biya kuɗi ake karantawa, da yawansu fom suke turo maka ka sa hannu ka miƙa musu haƙƙin gaba ɗaya, har ɗora PDF ɗin takardarka a ResearchGate, shafin da masu bincike ke ɗora ayyukansu, ya zama laifi. Wannan fom ɗin fa shi ne abin karantawa layi-layi kafin sa hannu, ko da kana sauri saboda ƙarin girma a wurin aiki ya matso.