Iyaye, ku daina tsinka abincin yara da ruwa don gwangwani ya daɗe

Duk ranar awon yara sai na ci karo da wannan abu, kuma wallahi ya ishe ni. Uwa za ta shigo da yaro ɗan wata takwas ko tara, in ɗaura masa igiyar awo a damtse, ta tsaya a ruwan ɗorawa, wani lokacin ma ta faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. In tambaye ta me yake ci. Sai ta zuge jaka ta fiddo gwangwanin abincin yara mai suna, irin wanda ake tallarsa a talabijin, ta ce, "Anti, ai babansa ba ya wasa, mai tsadar yake saya masa." In ce yaushe aka sayo? Ta ce tun albashin wancan watan. In buɗe murfin in leƙa, in tarar ko rabi ba a ci ba.

Gwangwanin nan, in an bi abin da aka rubuta a jikinsa, da ƙyar zai kai mako guda. To ta yaya ya kai wata? Ruwa. A ɗebi ɗan kaɗan a bakin cokali, a cika kofi da ruwa, a kaɗa, ya yi fari-fari, a ɗura wa yaro. Cikinsa ya cika, ya yi shiru, uwa ta ce ya ƙoshi. Bai ƙoshi ba, 'yar'uwa. Ruwa ya sha. Haka za a yi ta yi har gashinsa ya fara ja, fatar cinyarsa ta yamutse, sannan a ce shawara ce ko haƙori, alhali tamowa ce ta shigo gidan da ake kashe kuɗi a kan abinci.

Ban ce ba kwa ƙoƙari ba. Na san yadda rayuwa ta yi tsada, na kuma san ƙauna ce ta sa magidanci ya hana kansa wani abu ya sayo wannan gwangwani. Abin da yake ƙona min rai shi ne kuɗin nan da aka zuba a kan suna, da an kai su kasuwa da sun ciyar da yaron wata guda cur, ya ci ya ƙoshi.

Bari in gaya muku abin da kuke biya in kun sayi kaya mai suna. Akwai kuɗin abincin kansa. Sannan akwai kuɗin talla a rediyo da talabijin da allunan bakin titi, da kuɗin gwangwani da fentinsa, da dakon kaya, da ribar babban dila da ta ƙaramin dila da ta mai kanti. In daga waje aka shigo da kayan haɗin, sai ku ƙara da dala da kuɗin kwastan. Duk wannan a kanku yake ƙarewa, kuma in ban da abincin kansa, ko ɗaya ba ya shiga cikin yaro.

Manyan kantunan ƙasashen waje sun daɗe da gano haka, har suka mai da shi sana'a. Kanti zai je wurin wata masana'anta ya ce a yi masa sukari ko taliya ko madara, a buga sunan kantin a jiki. Sau da yawa masana'antar da ke yi wa masu suna ita ce ke yi masa. Ba ya biyan kuɗin talla, ba ya neman wanda zai ba shi wuri a kan kanta tunda kantin nasa ne, don haka ya sayar da sauƙi kuma ya ci riba mai kauri. Kantunan Aldi na Jamus, kusan kashi 90 cikin ɗari na kayansu masu sunan kantin ne. Costco na Amurka yana da nasa, Kirkland Signature, tun 1995, Shoprite na Afirka ta Kudu kuma yana da Ritebrand. A Amurka kusan ɗaya cikin biyar na kayan masarufin da ake saya irin waɗannan ne. Masu kuɗi ne fa, amma ba sa jin kunyar ɗaukar mai araha in sun karanta bayan kwalin sun ga abu ɗaya ne. Mu kuwa sai mu ce araha ba ta ado. Ado ake nema a cikin ɗan wata tara?

A nan gida ma doka ta sauƙaƙa mana. Tun 2002 aka wajabta wa masu sarrafa man girki da sukari da fulawa a Najeriya su sa bitamin A a ciki, shi ya sa za ku ga hoton ido a jikin leda ko galan. Gishiri kuma dole a sa masa aidin. Wannan doka ba ta ware babban kamfani da ƙarami ba. In kika ga lambar NAFDAC, kika ga hoton idon, kika duba ranar lalacewa ba ta wuce ba, to ɗauki mai sauƙin ki riƙe canjinki ki sayi ƙwai.

Amma kar a ji na ce araha a ruga wurin mai awo a ce Anti ce ta ce. Madarar garin da ake buɗe buhu a ƙulla a farar leda ba suna, ba lamba, ba kwanan wata, ba ki san me ke ciki ba. Da yawa daga madarar garin da ke kasuwa, har da wasu masu suna na cikin 'yan ledoji, an cire musu man nonon asali an maye shi da man kwakwar manja da aka tace, kuma a kan rubuta "filled" a jiki. Ta shayi ce, ba laifi babba ya sha. Ba ta maye nonon uwa, haka ma madarar nan mai kauri mai zaƙi. Shi ma man girkin da ake ɗurawa a gorar ruwa a jera a rana, rana tana kashe bitamin ɗin da ke cikinsa.

In kuwa jaririn bai kai wata shida ba, maganar ta fi haka muni. Nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ba shi. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar hana tallata madarar jarirai ga iyaye, saboda yaran da aka rasa ta wannan hanya. In larura ta sa dole, kamar uwa ta rasu ko likita ya hana ta shayarwa, to a haɗa madarar daidai yadda aka rubuta, da ɗan cokalin da ke cikin gwangwanin, da tafasasshen ruwa. Kowace iri ce, in dai ta jarirai ce mai rajista, ta wadatar. Ƙara ruwa a madarar jariri yana iya sa shi jijjiga, yana iya kashe shi. Ban san da wane harshe zan ƙara faɗin wannan ba. Kar ku ƙara ruwa.

Magidanta, ku ma da ku nake. Kai ne kake dire gwangwani ka ce a yi tattali, sai ƙarshen wata. Me kake so ta yi? Tsoron faɗanka ne yake sa ta tsinka. Su ma kakanni da ke cewa kunu mai kauri zai shaƙe yaro, don Allah Hajiya a bari. Cikin yaro ƙarami ne, in tsararo ya cika shi ba sauran wurin abinci.

Ga abin da za ku yi daga wata shida, kuma duk yana kasuwar ƙauyenku:

Gero ko dawa ko masara kwano shida, waken suya kwano uku, gyaɗa kwano ɗaya. In kuɗin bai kai ba a auna da gwangwanin madara, lissafin ɗaya ne.
A jiƙa waken, a cire ɓawon, a shanya. A tsince gyaɗa, duk wadda ta yi funfuna a zubar.
A soya kowanne daban, a haɗa a kai niƙa, a zuba a roba mai murfi.
A dama da kauri, yadda in an karkata cokali ba zai zube da gudu ba.
A sa ɗan cokalin man gyaɗa ko manja. Yau garin zogale, gobe dakakken busasshen kifi, jibi ƙwai.
Ɗan wata shida zuwa takwas sau biyu ko uku a rana, daga wata tara sau uku ko huɗu, da ɗan gwanda ko ayaba a tsakani.
Da kofi da cokali, ban da bulumboti. A wanke hannu da sabulu.
A ci gaba da ba da nono har shekara biyu.

Wanda Allah ya hore wa ya sayi na gwangwanin, ban hana ba, abinci ne mai kyau in an haɗa shi yadda aka ce kuma an sayi wani ranar da ya ƙare. In kun san ba za ku iya hakan ba, kar ku fara.

Yaron da kuka ga ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ƙi cin abinci, ko gudawa ta ƙi tsayawa, kar ku jira ranar awo, kar kuma ku tsaya a kemis. Ku kawo shi asibiti a ranar, ku taho da katinsa da gwangwanin da kuke ba shi in gani.