Yadda Amurka ke biyan manomi don kada gonarsa ta koma unguwa

Gonar da ke bakin gari a Amurka farashi biyu gare ta: wanda manomi zai iya biya, da wanda kamfanin gina gidaje zai ajiye. Na biyun ya fi na farkon nesa ba kusa ba, shi ya sa gari ke ta cinye gonaki. Ƙungiyar American Farmland Trust mai kare gonaki ta ƙiyasta cewa daga 2001 zuwa 2016, gine-gine sun cinye ko sun gutsuttsura gonaki da makiyaya kimanin eka miliyan 11.

Dokar noma ta 2014 ta kafa wani shirin kare gonaki mai suna ACEP a ƙarƙashin ma'aikatar noma, domin toshe wannan ɓaraka. Gona tana nan hannun mai ita: ya noma, ya sayar, ya bar wa magada. Abin da ya sayar kawai a yarjejeniyar da ake ƙullawa da shi a shirin shi ne ikon yanka ta filaye a yi gini.

Ga lissafin. A ce mai gini zai ba da dala miliyan 1, amma a matsayin gona darajarta dala 600,000 ce. Ratar dala 400,000 ita ce kuɗin yarjejeniyar. Gwamnatin tarayya kan biya har rabi, ko kashi 75 cikin 100 idan makiyaya ce mai muhimmanci na musamman ga muhalli. Sauran sai ya fito daga jiha, ko ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar kare filaye, wani lokaci mai gonar ya yafe wani kaso. Jihar ko hukumar ko ƙungiyar ce ma ke shigar da takarda a madadinsa, kuma ita ke riƙe da yarjejeniyar tana sa ido daga baya.

Sai mutum ya yi shawara da iyalinsa kafin ya sa hannu, domin galibi yarjejeniyar ta har abada ce. Ana rubuta ta cikin takardun filin, ta bi duk wanda ya saya ko ya gada, ko da jikoki ba sa so.

Inda gizo ke saƙa, a ganina, hana gini bai tilasta wa kowa noma ba. Attajiri na iya sayen gonar don hutun ƙarshen mako, ya fi ƙarfin matashin manomi a ciniki. Shi ya sa a jihohin Masacusets da Bamont ake ƙara wani sharaɗi: idan za a sayar wa wanda ba manomi ba, mai riƙe da yarjejeniyar na da damar sayen gonar a farashin noma, ya miƙa wa mai nomawa.