Harbin wofi da ƙaramar bindiga

Harbin wofi shi ne ɗana bindiga a ja kunamarta alhali babu harsashi a ciki. A Nijar, inda horon soja da na jandarma ke gudana da Faransanci, ana ce masa tir à sec. Ana yin sa don hannu ya saba da nauyin kunama, ido ya saba da saiti, ba tare da ƙona harsashi ko ɗaya ba. Wasu masu horarwa sukan ɗora tsabar kuɗi a saman bindigar: in kuɗin ya faɗi lokacin jan kunama, hannu ya motsa ke nan.

Ko bindigar za ta lalace, wannan ya danganta ne da irin harsashin da take ci. Yawancin ƙananan bindigogin zamani suna cin harsashi mai ƙwayar kunna wuta a tsakiyar gindinsa, kamar 9x19 da maƙerin bindiga Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20. A irin waɗannan, in babu komai a mazaunin harsashi, wato ramin da yake zama kafin harbi, allurar da ke bugun harsashi iska kawai take samu, ta koma. Bindigar Glock 17, wadda sojojin Ostiriya suka ɗauka a 1982, ba ta ma kwancuwa don wanki sai an ja kunamarta a wofi. Maƙerin da ya tsara ta haka kuwa ya san za ta jure.

Inda gizo ke saƙar shi ne harsashi mai wuta a gefen gindi, wato .22 LR, wanda ya fito a Amurka tun 1887. Allurar tana bugun gefen kwanso ne, tagulla mai laushi. In babu kwanson, sai ƙarfe ya daki ƙarfe a bakin mazaunin harsashi. Yau da gobe wurin ya lotsa, ko tsinin allurar ya karye, bindiga ta fara ƙin tashi. Kamfanin Ruger ya sa wa wasu bindigoginsa na .22 abin da ke tare allurar kafin ta kai can, amma ba kowane maƙeri ya yi haka ba. Tsofaffin bindigogi masu gidan harsasai mai juyawa, waɗanda allurarsu ke manne da gudumar da kunama ke saki, su ma ba a cika matsa musu ba. An kuma san bindigar CZ 75 B da cinye ɗan ƙarfen da ke riƙe allurarta in aka yawaita. Maganin duk wannan mai arha ne: harsashin roba marar albarushi, wanda ke karɓar bugun. Littafin da ya zo da bindigar shi ke raba gardama, sai dai kaɗan ne ke buɗe shi.

Lalacewar allura ƙaramar asara ce in aka gwada da harsashin da aka manta. Zare gidan harsasai bai isa ba, domin ɗaya kan rage a mazauni. Ƙa'ida ita ce a fara zare gidan, sannan a ja murfin sama baya, a duba mazaunin da ido, a taɓa shi da yatsa, a kai harsasan wani ɗaki. Bakin bindiga kuma ya kalli abin da zai iya tsayar da harsashi, kamar buhun rairayi. A gidajen Maraɗi, inda ƙofar kwano ko zana kaɗai ke raba ɗaki da tsakar gida cike da yara, harsashin 9x19 ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu.

A Nijar farar hula ba ya riƙe irin wannan makami sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI mai tattara makaman da ke yawo ba bisa doka ba, matsalar da yankunan iyaka irin Madarumfa da Gidan Rumji suka sani sarai. Saboda haka a Maraɗi harbin wofi galibi aikin bariki ne, na sojoji, jandarmomi da ƴan sanda, ƙarƙashin idon mai horarwa.