Karan Masallaci, Ƙyarana ko Ɗoɗoriya: Yaya Ake Bambance Su?

Duk wanda ya taɓa hawa duwatsun Mbula a Dass, ko tsaunukan Tula a Gombe, ya ga tsirrai masu kauri, masu ruwa a jiki, suna fitowa daga tsagar dutse inda ko ciyawa ba ta iya zama. Kamanninsu na ruɗar mutane, ruɗun kuma yana iya kai mutum asibiti. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kansu.

Me ya sa ake ɗaukar ƙyarana a matsayin karan masallaci?

Saboda duka biyun kore ne, jikinsu mai kusurwa, kuma da wuya ka ga ganye a kansu. Babbar ƙyarana ba ta ɓoyuwa, tana fin mutum tsawo, har shinge ake yi da ita a gonaki. Matsalar tana wajen ƙarama, wadda ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba. A wannan matakin, daga nesa, sai ka rantse karan masallaci ne.

To, mene ne abin dubawa na farko?

Ruwan jiki. Ka sami tsinke ka ɗan karce gefen tsiron, kana tsaye nesa kaɗan, fuskarka a kauce. In farin nono ya ɓulɓulo, mai danƙo kamar na tumfafiya, to ƙyarana ce ko 'yar'uwarta tinya, ka janye hannunka. Karan masallaci ruwansa garau ne, ba fari ba. Ni a wurina wannan gwajin ya fi kowane, domin siffa tana canzawa da shekarun tsiro da irin ƙasar da ya fito, amma nono ba ya canzawa.

Sai ƙaya. Ƙyarana tana da ƙayoyi bibbiyu masu tauri a jere bisa kowace kusurwa. Karan masallaci 'yan haƙora ne gare shi masu laushi, ko ka shafa ba su soke ka. In ya yi fure, kan karan yakan tsawaita ya sirance, ƙananan furanni ja mai duhu masu siffar tauraro su rataya a jikinsa. Bayan haka sai ya yi 'ya'ya bibbiyu kamar ƙaho, cikinsu iri mai gashi da iska ke kwasa. Ba mamaki, dangin tumfafiya ne. Sunansa na kimiyya Caralluma dalzielii, an sa shi ne don girmama Dalziel, likitan da ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga a 1916.

Tinya fa?

Ita karanta a mulmule yake, ba kusurwa, launinsa toka-toka, da damina ganye kan fito cunkus a kan kowane reshe. Da nononta maharba suke haɗa dafin kibiya, wannan kaɗai ya isa gargaɗi.

Ɗoɗoriya ma kusurwa huɗu gare ta, yaya za a gane ta?

Ba ta tsayuwa da kanta. Gaɓa-gaɓa take, tana yaɗo, tana da wani zare mai murɗewa da take kama bishiya ko dutse da shi. Karan masallaci kuwa a tsaye yake fitowa, curi guda.

In nonon ƙyarana ko tinya ya shiga ido, me za a yi?

Kada a murza. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon yana buɗe, aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti ko da raɗaɗin ya lafa. Kada a ɗiga nonon uwa, kada a sa tozali ko mai. Na taɓa ganin wani yaro makiyayi da ya sari reshen tinya da adda, ya share gumi da bayan hannu. Kafin a sauko da shi daga dutsen idon ya kumbura ya rufe, sai jan shi ake yi da sanda. Allah ya taimaka idon ya warke, amma ya sha wuya. Don haka iyaye, yaran da ke zuwa kiwo ko itace a gindin dutse, ku kai su gaban tsiron, ku karce shi da tsinke su ga farin nonon da idonsu.