'Yar kyanwa mai wasa da ruwan shanta: tambayoyi da amsoshi

Masu kiwon kyanwa a Kaduna sun san wannan hali. Ka cika mata kwano da safe, kafin ka juya ta tsoma dagi ciki, ta yi ta facal-facal har ta jiƙa ɗaki. A gidan da ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan ga-ruwa, dole abin ya ɓata rai. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Me ya sa take sa ƙafa a ruwa maimakon ta sha?

Dalili na farko a idonta yake. Kyanwa tana gani a duhu-duhu, tana hango motsi daga nesa, amma abin da ke dab da hancinta, ƙasa da kamar santimita 25 zuwa 30, ba ta ganinsa tangaran. Ruwa garai da ke kwance a kwano mai sheƙi da ƙyar take bambance shi. Sai ta taɓa shi ya motsa, ta gane inda ya tsaya, sannan ta kai baki ba tare da ya shige mata hanci ba.

Na biyu ƙuruciya ce. Daga wajen mako 7 zuwa 8 da haihuwa 'ya'yan kyanwa ke fara bin duk abin da ke motsi, kuma da wannan wasa suke koyon farauta. Ruwa kuwa da an taɓa shi sai ya yi rawa yana ƙyalli, yaya za a yi ta ƙyale shi? Akwai kuma waɗanda ba sa son gashin bakinsu ya riƙa gugar gefen kwano mai zurfi da ƙunci, sai su tsoma dagi su lashe.

Ko in ɗauke kwanon, in riƙa ba ta ruwa da kaina lokaci-lokaci?

Kada ka yi haka, don Allah. Wannan ita ce shawarar da ta fi tayar mini da hankali, don da ita ake cutar da dabbar ba da niyya ba. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta Afirka ne, wadda ta saba da ƙasa mai ƙarancin ruwa, tana samun yawancin ruwan jikinta daga naman abin da ta kama. Shi ya sa har yau ƙishirwa ba ta saurin kai kyanwa bakin kwano, ko da jikinta yana bukata. A rana tana bukatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta, a haɗe da ruwan da ke cikin abinci. A zafin Maris da Afrilu, ƙaramin jiki irin nata nan da nan yake bushewa, balle in ta yi gudawa. Ƙarancin shan ruwa yana ƙara haɗarin ciwon mafitsara, musamman ga muzuru, don mafitar fitsarinsa siririya ce. Madarar shanu ma ba ta maye gurbin ruwa, yawancin kyanwoyi ɓata musu ciki take yi.

Tsawa ko ɗan duka fa?

Ba sa aiki. Ba za ta haɗa dukan da ruwan da ta zubar ba, kai za ta riƙa gudu, ko kwanon kansa, wanda ya fi muni.

To me zan yi?

Fara da kwano. Na roba mara nauyi shi take turawa ta kifar. Nemi mai nauyi, mai faɗi, mara zurfi. Ƙaramin kaskon ƙasa irin wanda ake samu a wurin masu tukwane ya dace ƙwarai: ba ya motsi, kuma yana sanyaya ruwa kamar randa. Kada ka cika shi taf, ka kuma riƙa tsayar da ruwan a wuri ɗaya a jikin kaskon kullum, don ta san inda za ta same shi ba sai ta auna ba. Ɗora kaskon a kan tire mai baki, ka ajiye shi a kan siminti, nesa da tabarma da wayar lantarki, nesa kuma da abincinta da yashin da take ba-haya.

Sauran aikin wasa ne. 'Yar kyanwar da aka bari ita kaɗai a ɗaki duk yini, kwano ne kawai abokinta. Ɗaure gashin kaza da zare a bakin sanda ka riƙa ja mata a ƙasa na minti 10 zuwa 15, safe da yamma, sannan ka ba ta abinci. In ta gaji barci za ta yi. Bayan wasa ka ɓoye zaren, don haɗiye shi yana iya toshe hanji. In kuma son ruwa ne a jininta, ba ta faranti da ruwa kaɗan a tsakar gida da rana, ka jefa ƙwallo mara nauyi a ciki. Yawancinsu suna rage wannan hali in sun girma.

Akwai haɗari a wasan?

A kwano babu sosai, amma a bokiti da ganga da rijiya akwai. Wadda ta saba leƙa ruwa za ta iya faɗawa ciki ta kasa fitowa, don haka a rufe su. A hunturu, in ta jiƙe, a goge ta da tsumma busasshe nan take, sanyi yana saurin kama ƙananan. A kuma canza ruwan kullum, don dagin da ta tona yashi da shi ta tsoma, kuma ruwan da ya kwana kwanaki gidan sauro ne.

In ta sha ruwan alwala fa?

Hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik ya nuna kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Malamai sun keɓe inda aka ga najasa a bakinta. Ruwan sha na mutane dai a rufe shi saboda lafiya.

Yaushe zan kai ta wurin likitan dabbobi?

In ta fara shan ruwa fiye da ƙima tana yawan fitsari, ko ta zauna a gaban kwano ba ta sha, ko tana amai, ta daina cin abinci, ta rame. In muzuru yana yunƙurin fitsari ba ya fita, a ranar za a kai shi, kada a kwana. Akwai likitocin dabbobi a cikin garin Kaduna, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. In ta kai wata 3, a nemi a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare da maganin tsutsar ciki a tafiya ɗaya.