Ɗanmu na jami'a zai iya faɗin albarkacin bakinsa?

Tambayoyi ne da iyaye ke yi a majalisun ƙauyukanmu na Jigawa idan yara sun dawo hutu.

Doka ta yarda ɗalibi ya soki makarantarsa ko gwamnati?

Ta yarda. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowa wannan 'yanci, kuma shiga jami'a ba ya soke shi. Sashe na 45 ne ya yi masa iyaka, saboda tsaro da zaman lafiya da haƙƙin wasu. Yaro ya ce babu ruwa a ɗakin kwanansu, haƙƙinsa ne. Ƙazafi kuwa laifi ne.

To me ya sa ake kama su?

Sau da yawa da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ake fakewa, wanda sai a 2024 aka yi masa gyara. A Nuwamba 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Aka kai shi Abuja, aka tsare shi a gidan yarin Suleja. Sai da ƙungiyar ɗalibai ta NANS ta yi barazanar zanga-zanga, sannan aka janye ƙarar a farkon Disamba. Kalaman yaron babu ladabi a ciki, na yarda. Amma rashin ladabi tsawatarwa yake buƙata, ba kurkuku ba.

A ƙasashen Turawa fa?

Can ma ana yi. A Afrilu 2024 'yan sanda sun kama ɗalibai fiye da 100 a Jami'ar Columbia ta Amurka, masu zanga-zanga kan Gaza.

Ba gara ya yi shiru ya karɓo takardarsa ba?

Uban da ya sayar da riɗinsa ya biya kuɗin rajista yana da hujjar fargaba. Waɗanda suka manyanta ba su manta ɗaliban da aka harbe a Zariya a 1978 da 1986 ba. Sai dai abin da ke damuna shi ne, yawancin yaranmu tun daga gida muke rufe musu baki da "karatu aka tura ka". Yarinyar da malami ya matsa mata, da wane ƙarfin hali za ta kai ƙara idan shiru kaɗai muka koya mata?

Me za mu ce musu ke nan?

Ku tambaye shi: abin da ka rubuta gaskiya ne? Kana da shaida? Za ka iya maimaita shi a gaban mutumin? Idan ya ce e, ku tsaya masa.