Waiwaye: Ashe Ƙwayoyin Kansa Sun Daɗe Suna Aika Saƙo

Kwanan nan duk inda ka leƙa, Facebook ne ko guruf ɗin WhatsApp, sai ka ci karo da maganar nan wai an gano ƙwayoyin ciwon daji suna hira da juna. Wasu na cewa ai ga shi nan, dama mun faɗa ciwon yana ji, da wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu, wasu kuma har sun fara murna wai magani ya kusa fitowa. Ni abin da ke ban mamaki shi ne yadda ake ta kai-kawo kamar jiya aka wayi gari da zancen, alhali ya haura shekara ɗari.

Tun 1889 wani likitan tiyata a Landan, Stephen Paget, ya bi bayanan mata 735 da kansar mama ta kashe, ya ga ciwon ba ko'ina yake komawa ba, yana da wuraren da ya fi so kamar hanta. Sai ya ce abin kamar iri ne da ƙasa, iska na iya watsa iri ko'ina amma sai inda ƙasar ta karɓe shi yake tsira. A 1971 kuma Judah Folkman a Boston ya ce ƙari ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu sai ya aika wa jiki sinadarin da zai sa a ja masa sabbin jijiyoyin jini. Waɗannan biyun duk mai bin labarin ya san su.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne abin da ya faru a 1983, kuma abin dariyar ma ba kan ciwon daji ake bincike ba a lokacin, jinin tumaki ne. Wata malama a jami'ar McGill da ke Kanada, Rose Johnstone, tana son ta gane yadda jar ƙwayar jini ke kammala girma. Ita ƙwayar tana ƙarama akwai wasu 'yan maƙalai a jikinta da take kama sinadarin ƙarfe da su don haɗa abin da ke ɗaukar iskar numfashi, da ta nuna kuma sai a neme su a rasa. To ina suke zuwa? Da aka bi sawunsu sai aka ga ƙwayar tana janye su ciki, ta ƙunshe su cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi, ta tara a wata jaka, jakar ta matso bakin fata ta buɗe ta zazzage su waje. A shekarar dai wasu masu bincike a garin St. Louis na Amurka suka ga irin haka a jinin ɓera, su har ƙurar zinari suka liƙa wa abin da ke ɗauko ƙarfen don su riƙa hango shi a na'urar duba ƙananan abubuwa. A 1987 Johnstone ta raɗa wa ƙunshin suna eksosom. Girmansa bai wuce nanomita 30 zuwa 150 ba, wato sai ka jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin gashi ɗaya.

To a nan ne aka yi sake. Da yake a jar ƙwayar jini abin da ba a so ake ƙunshewa, sai kusan kowa ya ɗauka leda ce kawai ta zubar da shara, kuma wa zai tsaya tonon bola yana neman wasiƙa? Hankali duk ya tafi kan ita ƙwayar kansar, yadda za a yanke ta, a ƙona ta da haske, a sa mata guba, ba a cika tambayar me take turawa waje ba. A ganina wannan kallon ne ya ci shekarun, ya fi rashin kayan aiki yin ɓarna, don na'urar da ta hango ƙunshin a 1983 ai tana nan ba ta je ko'ina ba.

Sai a 2007 wasu masana a birnin Gotenbag na Suwidin suka nuna akwai RNA a cikin ƙunshin, wato rubutaccen umarni. Sun ɗauko ƙunshin ƙwayar ɓera suka ba ƙwayar mutum, sai ga ta tana ƙera furotin irin na ɓera, ta karanta saƙon ta yi aiki da shi kenan. A 2015 ƙungiyar David Lyden a New York ta nuna ƙunshin da ƙwayar ciwon daji ke saki har adireshi gare shi, wasu furotin ne a bayansa da ke sa ya sauka a huhu ko a hanta, ya isa tun kafin ƙwayar ta taso ya gyara mata wurin zama. Har suka yi wa ɓeraye allurar ƙunshi mai adireshin huhu, sai ƙwayoyin da suka saba tafiya ƙashi suka karkata zuwa huhun. Maganar Paget ce ta dawo bayan shekara 126, sai dai ashe irin da kansa yake aika a yi masa sharar gona. A 2018 kuma aka ga wasu ƙunshin na ɗauke da PD-L1, furotin ɗin da ke sa sojojin garkuwar jiki su sauke makami.

Shi ya sa batun wuƙa ke fusata ciwo bai kama ni ba. Matar da ta shekara biyu tana shafa wa ƙullutu magani a gida kafin ta je asibiti, saƙon ya daɗe da tafiya, wataƙila ma 'ya'yan sun riga sun tare a hanta ba a gan su ba, in suka bayyana bayan tiyata sai a ɗora wa wuƙa.

Masu murna su ma su ɗan yi a hankali. Daga maganar Folkman zuwa maganin farko mai toshe saƙon jijiyoyin jini, bevacizumab, da aka amince da shi a Amurka a 2004, shekara 33 aka yi, kuma da ya zo ɗin yawanci watanni yake ƙara wa mara lafiya. Shi eksosom matsalarsa lafiyayyun ƙwayoyi ma da shi suke aike, in ka toshe hanyar gaba ɗaya ka toshe har da tasu. Inda aka fi nisa yanzu shi ne karanta saƙon, a Amurka ma akwai gwajin fitsari da ke duba RNA ɗin cikin ƙunshin don taimaka wa likita ya yanke ko za a ciri tsokar prostate, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, a duba ko a dakata tukuna.